Sabuwar Riga a Tsohon Inji

Yau gareji za mu shiga, don haka wanda ya sa farar riga ya naɗe hannunta.

Kwanakin baya na leƙa wajen wani makaniki da muka daɗe tare, na tarar an sauke injin wata Land Cruiser, irin buɗaɗɗiyar nan ta ɗaukar kaya da ke zirga-zirga tsakanin Agadas da Dirku da wuraren haƙar zinariya. An baje kayan cikin injin a kan buhu. Fistin shida a jere, biyu sun yi baƙi ƙirin, ɗaya ya tsage a ka. Mai motar yana tsaye, hannu a ƙugu, sai na ji ya ce, "Malam, tunda dai an riga an buɗe shi, a sa masa silif sabo, a faɗaɗa, a ƙara masa ƙarfi. Ina so in ta tunkari tudun rairayi kada in ji tana nishi." Makanikin ya goge hannu da tsumma, ya yi jim, ya ce, "Alhaji, silif dai zan sa maka. Maganar ƙarfi kuwa sai mun zauna."

Wannan zaman ne na ɗauko muku yau, domin ba Alhajin nan kaɗai ke da wannan tunani ba. Mutane da yawa sun ɗauka silif wani sinadari ne da ke mayar da jaki doki.

Injin da ke cikin motar, 1HZ ake ce masa. Toyota ta fara yin sa a 1990, ta ɗora shi a kan wannan samfurin Land Cruiser da ya fito tun 1984. Silinda shida ne a jere, lita 4.2, yana shan dizal, wanda a Najeriya muke ce wa gas, a Nijar kuma gazuwal. Faɗin kowane rami milimita 94 ne, fistin kuma yana tafiyar milimita 100 daga sama zuwa ƙasa. Ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba. Ba shi da turbo, ba shi da kwamfutar da za ta ƙi tashi don wata waya ta jiƙe. Ba shi da gudu, wannan gaskiya ne, kuma shi ne ciwon Alhaji. Amma saboda haƙurinsa ne ƙungiyoyin agaji a Afirka da masu haƙar ma'adinai a Ostireliya suka riƙe shi shekara da shekaru.

To me ke kwantar da inji mai haƙuri haka? A Sahara, ƙura ce kan gaba. Ku lissafa tare da ni. Inji mai lita 4.2, idan yana juyi 2,500 a minti ɗaya, yana zuƙar iska wajen lita 5,000 a cikin wannan mintin. Wato jarka mai lita 25 guda 200, kowane minti, tun safe har dare. A ce kuma iskar ta hunturu ce, ko kana bin bayan ayarin motoci kana shaƙar abin da suka tayar. Ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen bulok tauri. Idan matatar iska ta huje, ko robar bututun da ke kai iskar ta tsage, ko yaron mota ya zare matatar ya yi ta buga ta a jikin taya har takardar ta yage, rairayi ya samu ƙofa. Yana shiga ya gauraya da baƙin mai ya zama dutsen washi, fistin na hawa yana sauka yana wasa bangon ramin da shi.

Ramin da ya fito daga kamfani a zagaye cif sai ya koma kamar ƙwai, samansa ya fi ƙasansa faɗi, a can bakinsa kuma inda zobe ba ya kaiwa ka ji wani ɗan tudu yana kama maka farce. Daga nan inji ya fara shan baƙin mai, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, in ka buɗe murfin mai ka ga yana huci. Da asubar sanyi kuwa sai an tara jama'a an tura, ko da hita na aiki, domin dizal da zafin matsin iska yake kamawa, matsin kuma ya zurare ta gefen zobe.

Ko an kai nan, ba a fara da silif. Shi 1HZ ba a yi shi da silif ba tun asali, a jikin bulok ɗin aka fafe ramukansa. In cin bai yi zurfi ba, masu injin fafewa za su ƙara wa ramin rabin milimita, a kawo fistin da ya fi na asali girma da daidai wannan, shi ke nan. Sai idan ramin ya wuce haka, ko zobe ya karye ya ja masa zane mai zurfi, ko ruwa ya kwana a ciki tsatsa ta ci, sannan ake maganar silif.

Silif bututun ƙarfe ne mai siririn bango, milimita 2 zuwa 3, da ake zurawa a cikin ramin da ya lalace don ya zama sabon bango. Makanikan Nijar da suka koyi aiki da Faransanci shemiz suke ce masa, wato riga, kuma ni a wurina sunansu ya fi dacewa. Riga tana rufe jiki, tana kare shi, amma ban taɓa ganin ramamme ya yi ƙwanji don ya sa babbar riga ba.

Tsofaffin makanikan Kaduna da Kano sun san silif tun zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975. Sai dai wancan jiƙaƙƙen silif ne, ruwan lagireto a jikinsa yake zagayawa kai tsaye. Ana sayen sa saiti guda da fistin da zobe, a zare tsoho a zura sabo, a ƙarƙashin bishiya ma an gama. Ina ganin daga nan ne mutanenmu suka ɗauko cewa aikin silif abu ne mai sauƙi. Wanda ake sa wa 1HZ busasshe ne, ba ya taɓa ruwa, jikin bulok yake manne wa, kuma a wajen wannan mannewar ake gane gwani.

Ga yadda aikin kirki yake tafiya. Za a wanke bulok, a duba ko ya tsage, domin in tsagar ta bi ta sama ko ta gangara wajen mazaunin kiranshaf, asarar kuɗi kawai za a yi. Sannan a auna silif ɗin, a fafe ramin ya zama ya fi silif ƙanƙanta da ɗan abin da ido ba ya gani, kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na milimita ɗaya, kusan kaurin silin gashi. Gwani ba ya fafe ramin har ya ɓulle. Yana barin ɗan mataki a can ƙasa wanda silif zai zauna a kai, kan inji ya danne shi daga sama, ya rasa inda zai motsa. Daga nan a sanyaya silif ya tsuke, a ɗumama bulok ya saki, a danna shi da injin matsi a miƙe, a tafi ɗaya. In zafinsu ya daidaita sun kama juna ke nan. Sai a share saman ya yi daidai da fuskar bulok, a fafe cikin silif ɗin ya koma milimita 94, a goge shi da duwatsun guga har ya fitar da wani siririn zane mai gilma juna. A cikin wannan zanen baƙin mai ke maƙalewa. Bango mai sheƙi kamar madubi yana da kyau a ido, amma ba ya riƙe mai, zobe kuma ba ya zama a kansa.

Na ga inda ake wannan aiki da guduma da guntun katako. Na ga inda ma'aunin kawai shi ne a zura fistin a girgiza a ce "ya yi." In silif ya matse fiye da kima, yana iya tsaga bulok, ko ya tura bangon ramin da ke maƙwabtaka da shi ya karkace, shi ya sa ake fara sa silif kafin a yi wa sauran ramukan gugar ƙarshe. In kuma ya yi sako-sako, iska ta samu wurin zama a bayansa, zafi ya kasa ratsawa zuwa ruwa, wurin ya yi ta gasuwa har fistin ya kama. Ko kuwa wata rana silif ɗin ya zame ƙasa, a ji ƙara kamar ana sassaƙa turmi. Irin wannan shi Hausawa ke ce wa gyaran gangar Abzinawa. 'Yan uwana Abzinawa ku yi mini afuwa, haka na tarar da karin maganar, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka fi mu sanin injin nan nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu da ake rainawa, wato wanki. Bayan guga, garin dutse da garin ƙarfe suna maƙale a cikin zanen nan. Fetur da gas ba sa fitar da su sosai. Ruwan zafi da sabulu da buroshi ake sawa, a yi ta wankewa har sai an goga farin ƙyalle ya fito fari, sannan a shafa mai nan take kada tsatsa ta kama. Wanda ya tsallake wannan, da hannunsa ya zuba wa sabon injinsa rairayi tun bai bar gari ba.

To mu dawo kan buƙatar Alhaji. Ya ce a faɗaɗa. Mu ɗauka an biye masa, an fafe kowane rami daga milimita 94 zuwa 95, aka samo fistin da ya dace. Girman injin zai tashi daga sisi 4,164 zuwa wajen 4,253. Ƙarin bai kai sisi 90 ba, kashi 2 cikin 100 ke nan da ɗoriya. A kan doki 130, an samu doki biyu ko uku. Buhun gero uku da za a ƙara a bayan motar sun cinye su. A madadin haka an rage kaurin bango, an rage naman da ke tsakanin rami da rami inda gaskit ke kamawa, kuma in ramin ya sake lalacewa babu sauran abin fafewa.

Na san wani zai ce, ai ni da aka yi mini silif motata ta ƙara ƙarfi, na ji a ƙafata. Ban ƙaryata ka ba. Amma da me ka gwada? Da injin da ya yi shekara biyu yana zubar da matsi ta gefen zobe. Dawakinka da suka ɓata ne aka koro maka gida, ba a haifa maka sababbi ba.

Ba wai ba a taɓa ƙara girman inji ta hanyar faɗaɗa rami da sabon silif ba. An yi, kuma babban kamfani ne ya yi. A Ingila, injin V8 na Range Rover ya fara da lita 3.5, bulok ɗinsa na alminiyam, da silif na ƙarfe a ciki, faɗin rami milimita 88.9. Da aka so ƙarin ƙarfi sai aka buɗa ramin zuwa 94, ya zama lita 3.9, daga baya aka tsawaita tafiyar fistin aka samu 4.6. Ƙarfi ya ƙaru. Amma alminiyam ɗin da ke bayan silif ya yi siriri, a wasu injinan ya riƙa tsagewa in sun yi zafi, ruwa ya riƙa ɓacewa ba a ga inda yake zuba ba, silif ya riƙa zamewa. Har yau masu gyaran waɗannan injina a can maganinsu shi ne su sa wani silif mai leɓe a sama kamar bakin malafa, wanda kan inji ke dannewa. Masu ɗakin gwaji da injiniyoyi ke nan, a ƙasar da rana ba ta da zafi. Ina ga mu da za mu yi a bayan kasuwa, mu kuma nufi hamadar Tenere a watan Mayu?

Ƙarfin dizal daga iska da mai yake zuwa. Wannan kowane makaniki ya sani, shi ya sa in mai mota ya matsa, sai a tafi kan famfon injekta a murɗa sukurun mai. Mota ta ɗan zabura, baya ya turnuƙe da baƙin hayaƙi, mai mota ya yi murmushi. Baƙin hayaƙin nan kuɗinka ne da bai ƙone ba. Abin da ya fi shi muni kuwa ba a gani, wato zafin da ke kan fistin. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma tun kafin a kai nan ya yi laushi. Allurar zafin da ke gaban direba ruwa take aunawa. Kafin ta ɗaga, kan fistin ya riga ya ji jiki. Fistin ɗin da na ce muku na gani a tsage a kan buhu, makanikin ya nuna mini famfon motar, an taɓa sukurun.

Sai turbo. Shi kam yana ƙara ƙarfi na gaske, domin yana cusa iska, mai ya samu abin ƙonewa da shi. A Ostireliya an sa wa 1HZ turbo ba adadi. Amma ku dubi abin da Toyota da kanta ta yi da ta so mai turbo. A shekarar 1990 ɗin nan ta fitar da ɗan uwansa 1HD-T, faɗin rami ɗaya, tafiyar fistin ɗaya, ƙarfi wajen doki 165. Ba ta ɗauki 1HZ ta liƙa masa turbo ba. Ta rage matsi daga sama da 22 zuwa 18.6, ta sauya fistin, ta sauya kan inji, ta mayar da feshin mai kai tsaye a kan fistin. Shi 1HZ a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke cikin kan inji ake fesa masa mai, kuma bakin wannan ɗakin yana cikin wuraren da ke fara tsagewa in zafi ya yi yawa. Wanda ya nace sai ya sa turbo, to ya sa kaɗan, a daidaita masa famfo a wajen masu injin gwaji, ya sa agogon auna zafin hayaƙi a gabansa, in ya ga allura ta hau ya ɗaga ƙafa. Direban da ba zai kalli agogon ba, a bar masa injinsa yadda Allah Ya yi shi. In ba haka ba garin neman ƙiba za a samo rama.

Mai son gudu da gaske, ai akwai irin wannan mota mai V6 na fetur, lita 4.0, doki sama da 200, kuma ana ganin su a hanyar. Sai dai ya sani silif ɗin wannan tare da bulok aka zuba shi, kamfanin ma bai yarda a fafe shi ba. Kowane allazi da nasa amanu.

Wani zai kawo mini misalin masu tseren Paris-Dakar, waɗanda tun 1979 suka riƙa ratsa Agadas da injinan da aka ƙara wa ƙarfi. Haka ne. Amma manyansu da motar kayan gyara a baya suke tafiya, da makanikai masu kwance mota kowane dare, da jirgin sama mai neman wanda ya ɓata. Kai wa ke biye da kai? Mutum ashirin a baya, da jarkokin ruwa da aka ƙidaya daidai kwanakin tafiya.

A nan ne maganar ta wuce ta ƙarfe. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da ƙananan yara, da yawansu daga yankin Kantche na jihar Damagaram. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace a hanya, ƙishirwa ta gama da su. Allah Ya jiƙansu da rahama. In inji ya buga tsakanin Kano da Zariya, an yi asarar kuɗi da yini guda. In ya buga tsakanin rijiya da rijiya a Sahara, lissafin daban ne. Saboda haka ni a ganina, duk wanda zai ɗauki rayukan mutane ya shiga da su can ba shi da hurumin yin gwaji da injinsa.

Kuma abin da ke sa mota nishi a tudun rairayi sau da yawa ba a cikin inji yake ba. Motar da aka yi don kayan tan ɗaya, an labta mata ninkin haka. Tayoyi an cika su da iska tam kamar za a hau kwalta, alhali tsofaffin direbobi sun san rage iska yana shimfiɗa taya ta hau kan rairayi maimakon ta haƙa. Lagireto ya toshe da kanwa da gishirin ruwan rijiya. Nozul sun daina feshi sun koma tsiyaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fi milimita ɗaya ta faɗin rami tasiri, kuma gyaransa bai kai kuɗin silif ba.

In an haɗa inji kuma, ba a gama ba. Gaskit ɗin kan 1HZ kauri-kauri ne, ana zaɓar sa gwargwadon yadda fistin ya ɗago saman bulok, ba wanda hannu ya fara kaiwa a shago ba. Kusoshin kai da sifana mai ma'auni ake ɗaure su, bi da bi, ba da bututu da ƙarfin yaron gareji ba. A sa sabon bel na tayimin tunda an riga an buɗe. Sannan a ba zobe lokaci ya zauna: a yi ta yawo da motar kusa da gida da matsakaicin kaya, kada a bar ta tana aiki a tsaye awa da awanni, kada kuma a shaƙe ta, a zubar da man farko da wuri. Wanda ya ɗaura inji ranar Lahadi ya ce zai bi ayarin motocin da zai tashi Litinin, ya manta ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhajin namu dai a ƙarshe silif biyu aka sa masa, aka mayar da famfo yadda yake, kuɗin da ya tanada don ƙarin ƙarfi suka tafi a kan sabon lagireto da nozul shida da matatar iska guda uku. Ya karɓi mukulli yana gunaguni, yana cewa makanikin ya cika tsoro.

Masu motoci, roƙona gare ku shi ne, ranar da za a kai bulok wajen fafewa ku bi shi da ƙafarku. Ku ce a auna ramin a gabanku, sama da tsakiya da ƙasa, a rubuta muku lambobin a takarda. Ku tambaya ko an bar wa silif mataki a ƙasa. In aka ce muku babu ma'auni amma an saba, ku sa yara su mayar da bulok ɗin cikin mota. Ku kuma 'yan uwa makanikai, in Alhaji ya ce a murɗa sukurun, ku gaya masa abin da zai biyo baya tun kafin ku ɗauki sifana.

Nan za mu dakata. Direbobin da ke kan hanya a daren nan, Allah Ya kai ku rijiya ta gaba lafiya.